Yadda za ka shirya baikonka tun daga gida, da yadda ikilisiya za ta riƙe amanar abin da aka bayar

'Yan'uwa a cikin Almasihu, bari in fara da wani abu da da yawanmu muke yi ba mu ma lura ba. Ana cikin sujada sai a ce lokacin baiko ya yi, toh a nan ne fa mutum zai fara laluben aljihu, duk abinda hannu ya ci karo da shi shi zai jefa, ya koma ya zauna. Ni ma na yi shekaru ina haka, kuma da na zauna na yi tunani sai na ga ba ƙin Allah ba ne, rashin shiri ne kawai, ban taɓa zama na yanke shawara a kan abinda zan bayar ba, kullum sai lokacin ya zo ya same ni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manzo Bulus ma haka ya gani, shi ya sa a 1 Korintiyawa 16:2 ya ce wa 'yan'uwan Korinti kowace ranar farko ta mako kowa ya ware wani abu ya ajiye gwargwadon samunsa, don kada sai ya iso a fara fafutukar tara gudummawa. Ka duba abubuwan da ke cikin ayar nan guda: akwai lokaci tsayayye, akwai kowa da kowa, akwai gwargwadon samu, kuma a gida ake warewa kafin a zo taro. Kusan duk abinda zan faɗa a nan daga wannan ayar ya tsiro.

Kafin lissafi, sai ka san matsayinka. Kai wakili ne, mai riƙon amana, ba mai dukiya ba. Zabura 24:1 ta ce duniya da duk abinda ke cikinta na Ubangiji ne, kuma ranar da sarki Dawuda da jama'a suka tara kayan ginin Haikali, zinariya da azurfa tuli, addu'ar da ya yi a 1 Tarihi 29:14 ita ce komai daga wurinka ya fito, daga naka ne muka ba ka. A misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 25, an ba wani talanti 5, wani 2, wani 1, mai 5 da mai 2 yabo iri ɗaya suka samu kalma da kalma, don ba yawan aka auna ba, aminci aka auna. In wannan ya zauna maka a zuciya tambayar za ta canza, za ka daina cewa nawa zan cire daga kuɗina in ba Allah, ka koma cewa a cikin abinda aka danƙa min, nawa ne ya kamata ya tafi ina.

Zauna ka san abinda ke shigowa

Wannan shi ne aikin da kowa ke gudu, amma ba yadda za a yi ka bayar gwargwadon samunka alhali ba ka san samun ba. Ɗauki littafi ko wayarka, ka rubuta duk abinda ya shigo hannunka wata ɗaya, in samunka ba tsayayye ba ne ka yi wata uku. Mai albashi nasa da sauƙi. Ɗan kasuwa ne ya kamata ya yi hattara, don kuɗin da ya shigo akwati ba duka ne samu ba, akwai jari a ciki, in ka yi ciniki na 100 kuma kayan 80 ka saye su, samunka 20 ne, a kan 20 ɗin za ka yi lissafin bayarwa ba a kan 100 ba, in ba haka ba za ka cinye jarinka da sunan baiko wata shida kasuwar ta rufe, ba kai ba ikilisiya ba mabukata. Manomi kuma yawanci sau ɗaya ko biyu a shekara yake ganin amfani, sai ya ware nasa a lokacin girbi, in ya so ya kai gaba ɗaya in ya so ya rarraba.

Mai aure kuma, don Allah kada ka yi wannan lissafin kai kaɗai. Ku zauna da mai ɗakinka, ke ma 'yar'uwa ku zauna da maigida, ku yi addu'a ku tsayar da abu ɗaya. Na ga gidajen da baiko ya zama abin faɗa saboda ɗaya ya tashi a coci ya yi alkawari babba ɗayan bai sani ba sai da aka karanta a gaban jama'a. In kuma abokin zamanki ba mai bi ba ne, ki bayar daga abinda yake hannunki na kanki, kada ki ɗauki na gida a ɓoye, wannan ba zai zama shaida mai kyau ba.

Nawa zan bayar?

A nan ne maganar zakka take shigowa, wato kashi ɗaya bisa goma, kuma zan ɗan daɗe a nan don wurin ne mutane suka fi rikicewa. Tun kafin Shari'ar Musa, Ibrahim ya ba Malkisadik, firist na Allah Maɗaukaki, ushirin ganimar yaƙi a Farawa 14:20, Yakubu ma ya yi wa'adin ushiri a Betel a Farawa 28:22. Da Shari'a ta zo, Littafin Firistoci 27:30 ya ce ushirin amfanin ƙasa na Ubangiji ne, Littafin Ƙidaya 18 ya ce a ba Lawiyawa, kabilar da aka keɓe domin hidimar ɗakin Allah, tunda ba su da gādon ƙasa, su ma Lawiyawan su fitar da ushirin abinda suka karɓa. Sai kuma Maimaitawar Shari'a 14 ta kawo wani abu da ba a cika wa'azi a kai ba: akwai zakkar da mutum da iyalinsa suke ci a gaban Ubangiji da murna, kuma duk shekara ta uku ana tara zakka a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Kaga kenan tun asali zakka tana da fuska biyu, masu hidima da marasa galihu, ba gini kaɗai ba.

Malakai 3:8-10 da ake yawan karantawa, inda Allah ya ce kuna yi mini fashi a zakka da hadayu, maganar ta zo ne wa mutanen Yahuza bayan sun dawo daga bauta, kuma Nehemiya 13:10 ya nuna irin halin da ake ciki a wancan zamanin, an daina ba Lawiyawa da mawaƙa rabonsu har kowa ya gudu gonarsa, ɗakin Allah ya zama ba mai kula. A Sabon Alkawari kuma Yesu ya taɓa maganar a Matiyu 23:23, ya ce wa Farisiyawa suna fitar da zakkar ƙananan ganyayen lambu amma sun bar manyan abubuwa, adalci da jinƙai da aminci, ya kamata su yi waɗannan ba tare da sun bar wancan ba. Wasiƙun manzanni kuwa ba su sa wa ikilisiya wani adadi ba, abinda Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 9:7 shi ne kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ba ba kuma bisa tilas ba, gama Allah yana son mai bayarwa da daɗin rai.

Shi ya sa Kirista masu tsoron Allah suka rabu a kan wannan, wasu ɗariku suna koyar da cewa zakka wajibi ce har yau, wasu suna cewa ma'auni ne mai kyau amma ba doka ba. Ni dai ga inda na tsaya: kashi goma ma'auni ne mai kyau sosai kuma ina ƙarfafa kowa ya kai can, don in mutanen da ke ƙarƙashin Shari'a sun bayar da haka, mu da muka ga gicciye bai kamata a same mu muna neman hanyar ragewa ba. Amma ban yarda a mayar da shi bulala ba. Ga mai samu da yawa kashi goma ba ya ko taɓa jikinsa, ya kamata ya wuce nan nesa, ga gwauruwa mai yara huɗu kuwa kashi goma na iya zama abincin kwana uku. 2 Korintiyawa 8:12 ta ce in niyya tana nan, ana karɓar baiko gwargwadon abinda mutum yake da shi ne ba abinda ba shi da shi ba. Toh in yau ba ka bayar da komai a tsare, fara da kashi 3 ko 5 cikin ɗari, ka rubuta shi, ka riƙe shi wata shida ba fashi, sannan ka ƙara ɗaya ko biyu, a haka a haka har ka kai goma ka wuce. Wanda ke ba da 4 kowane wata da aminci ya fi amfanar aikin Allah, ya kuma fi horar da zuciyarsa, a kan wanda ya yi rantsuwar 10 ya bayar sau biyu a shekara.

Masu tambayar ko a kan albashi kafin a cire haraji ne ko bayan an cire, gaskiya Nassi bai shiga wannan ba. Zaɓi ɗaya da lamiri mai tsabta ka tsaya a kai.

Ware shi da farko

Karin Magana 3:9 ta ce ka girmama Ubangiji da dukiyarka da nunan farin amfaninka. Nunan fari, ba ragowa ba. A aikace ma'anarsa ita ce ranar da kuɗi ya shigo, a ranar za ka cire kason, kafin haya kafin komai, ka sa a ambulan ka rufe, ko ka tura wani asusu daban da ba ka taɓawa, ko in bankinka yana yi ka ba shi umarni ya dinga turawa asusun ikilisiya kowane wata. In ka ce sai ƙarshen wata in ga abinda ya rage, ba abinda zai rage, kuɗi ba ya zama wuri ɗaya.

Abinda ka ware ɗin kuma yana da kyau ka san yadda za ka raba shi. Ni shawarata kaso mafi girma ya tafi ikilisiyar da kake sujada, inda ake koya maka Maganar Allah, inda za a zo a duba ka in ka kwanta ciwo, Galatiyawa 6:6 ta ce wanda ake koya wa ya raba abubuwa masu kyau da mai koya masa. Sai wani kaso na aikin bishara a wuraren da ba su da ƙarfi, yadda Filibiyawa suka riƙa aika wa Bulus taimako har sau da dama, har suka aiko Abafaroditas ya kai masa yana tsare. Sannan ka bar ɗan wani abu a hannunka na mabukacin da za ka ci karo da shi, wanda ba zai iya jiran kwamiti ya zauna ba. Wannan na ƙarshen yana da daɗi ƙwarai, don ranar da wani ya zo da matsala ba za ka tsaya kokawa da zuciyarka ba, kuɗin an riga an ware ba naka ba ne, tambayar kawai ita ce ko wannan ne mai shi.

Abubuwan da baiko ba zai cinye ba

Akwai hakkokin da ba a tsallake su a kai wa Allah. Na farko iyali, 1 Timoti 5:8 ta yi zafi a kan wannan, wanda bai kula da danginsa ba balle mutanen gidansa ya musunci bangaskiya. Na biyu iyaye, a Markus 7:9-13 Yesu ya tsawata wa masu cewa abinda zan taimake ku da shi ya zama Korban, wato an keɓe wa Allah, sai su bar uwa da uba hannu banza, ya ce sun soke maganar Allah da al'adarsu. Na uku wanda ya yi maka aiki, Yakubu 5:4 ta ce ladan ma'aikatan da kuka danne yana kuka, ba daidai ba ne ka kai babban baikon godiya alhali mai yi maka aiki wata biyu bai ga albashinsa ba. In kuma ka san ka cuci wani a kuɗi, mayarwa tana gaba, dubi abinda mai karɓar harajin nan na Yariko ya yi a Luka 19:8, rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki huɗu.

Mai bashi fa? Kada ka daina bayarwa gaba ɗaya, ka rage zuwa abinda za ka iya, ka ci gaba da biyan bashinka a kan lokaci. Amma cin bashi domin a yi baiko, ko domin a cika alkawarin da aka yi saboda idon jama'a, wannan kam ina roƙonka kada ka yi. Kuma maganar alkawari, Mai Hadishi 5:5 ya ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka kasa cikawa. In aka zo tara gudummawar gini ko wani aiki aka ce kowa ya faɗi nasa, ba laifi ba ne ka ce zan je in yi addu'a in duba in kawo amsa mako mai zuwa. In kuma ka riga ka yi alkawari sai hali ya canza, aiki ya tafi ko ciwo ya shigo, je wurin ma'aji ko wani dattijo ka faɗa masa gaskiya a sake tsarawa, kada ka fara ɓuya kana canza wurin zama. Zunubin Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni 5 ba wai sun riƙe wani kaso ba ne, Bitrus da kansa ya ce kafin a sayar gonar taka ce bayan an sayar ma kuɗin yana hannunka, ƙaryar da suka yi ce ta kashe su, suna so a gan su kamar Barnaba wanda ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin duka.

Rufe hannunka

Matiyu 6:1-4 a fili take, kada hannun hagunka ya san abinda na dama yake yi. A zamanin nan na waya wannan ya ƙara wuya, an taimaki gwauruwa sai an ɗauki hotonta tana karɓa an sa a Facebook, ka tsaya ka yi tunanin yaronta da zai ga hoton nan tare da abokansa. In ana bukatar shaida domin masu ba da tallafi, a nemi izinin mutum, in ya ƙi a bar shi. Su ma shugabanni su yi tunani a kan karanta sunaye da adadi daga kan bagade, don abinda yake haifarwa shi ne gasa a tsakanin masu shi da kunya ga marasa shi, wasiƙar Yakubu sura 2 ta riga ta yi gargaɗi a kan ba mai zoben zinariya wuri mai kyau a bar matalauci a tsaye. Ranar da Yesu ya zauna yana kallon masu zuba kuɗi a baitulmalin Haikali a Markus 12:41-44, wadda ya yaba ita ce gwauruwar da ta zuba 'yan tsabar tagulla biyu.

Sannan ka kiyayi duk koyarwar da ta mayar da baiko ciniki, wai kawo kaza ka karɓi ninki kaza cikin kwana kaza, ko a sa farashi a kan addu'a da warkarwa. Gaskiya ne Allah yana sa albarka ga mai bayarwa, 2 Korintiyawa 9:6-11 ta faɗa, amma ka karanta har ƙarshe, ana wadata ka ne domin ka ƙara yalwata a aikin alheri. Siman mai sihiri a Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, amsar da Bitrus ya ba shi a Ayyukan Manzanni 8:20 ba mai laushi ba ce ko kaɗan. Abin yana min ciwo sosai don waɗanda aka fi cuta da irin wannan koyarwar su ne marasa lafiya da matalauta, masu neman mafita ido rufe.

Yanzu kuma ga masu riƙe jakar

Mai bayarwa ya rufe hannunsa, amma mai karɓa dole ya buɗe littafinsa, kuma a nan ne ikilisiyoyi da yawa suke tuntuɓe, ba don mugunta ba, sai don ana ganin kamar tambayar lissafi rashin yarda ne da bawan Allah. Ku dubi Bulus. Ya yi shekaru yana tara gudummawa daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya da Galatiya domin matalautan Urushalima, amma bai ce ni manzo ne ku ba ni in kai ba. A 1 Korintiyawa 16:3 ya ce su zaɓi mutanen da suka amince da su su kai, a 2 Korintiyawa 8:18-22 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa da kuma wani na uku, ya faɗi dalili ƙarara: don kada kowa ya sami abin zargi a kan yadda ake tafiyar da wannan babbar kyauta, muna so mu yi abinda yake daidai ba a gaban Ubangiji kaɗai ba har a gaban mutane. A zamanin sarki Yowash ma, 2 Sarakuna 12, firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su biyu ne suke zuwa su ƙirga su ɗaure a jakunkuna. Ezra kuma, sura 8, kafin su bar bakin kogin Ahawa ya auna azurfa da zinariya ya danƙa wa manyan firistoci 12, da suka isa Urushalima aka sake aunawa aka rubuta komai. A cikin almajirai 12 ma wanda ya riƙe jaka shi kaɗai, Yahuza Iskariyoti, Yahaya 12:6 ta ce yana ɗiba.

Toh ga yadda za a yi a aikace, ko ikilisiyar mutum 30 ce. Baiko ba ya barin idon jama'a a hannun mutum ɗaya, aƙalla mutum biyu ko uku ne za su ƙirga, waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, kuma a dinga canza su. A ƙirga a ranar, a ɗakin da aka sani, a rubuta a takarda kowane irin baiko daban, zakka daban na godiya daban na gini daban, duk waɗanda suka ƙirga su sa hannu, kofi ɗaya wurin ma'aji ɗaya wurin sakatare. Kuɗin ya shiga banki a asusu mai sunan ikilisiya, ba sunan fasto ba ba sunan ma'aji ba, kuma kada a fara kashewa daga cikin kwando kafin a kai, don daga nan ne lissafi yake fara ɓacewa. Fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, duk abinda aka saya a kawo rasit. Wanda ke rubuta littafi kada ya zama shi ne mai riƙe kuɗi. Fasto kuma, domin kare sunansa da hidimarsa, gara ya san rahoto amma kada ya taɓa kuɗin. Duk wata uku a karanta wa membobi abinda ya shigo da abinda ya fita a harshen da kowa zai gane, sau ɗaya a shekara kuma a kawo wani masanin lissafi da ba ya cikin kwamitin ya duba littattafan.

Wani abu da ake rainawa: kuɗin da aka tara domin abu kaza, a kan abu kaza za a kashe shi. In an ce na marayu ne kada a ara a sayi kayan kiɗa da niyyar za a mayar. In dole ta sa a canza, a dawo wurin waɗanda suka bayar a nemi yardarsu. Na taɓa zama a wata ikilisiya inda aka yi irin wannan aron sau ɗaya tak, ba wanda ya ci ko kwabo, amma da maganar ta fito sai da aka yi shekaru kafin mutane su sake sakin hannu in an ce a tara wa wani abu.

Kai memba kuma kana da 'yancin tambaya, sai dai ka bi hanya. Je taron membobi, ka tambaya da ladabi a inda ya dace, ko ka sami ma'aji ku zauna. Yaɗa zargi a rukunin WhatsApp ba tare da hujja ba zunubi ne a kan ɗan'uwanka, yawancin ma'ajin coci aikin sa kai suke yi suna kwana a kan lissafi ba ko sisi.

Ina kuɗin yake tafiya

In za a zauna kasafin shekara, a tabbata mabukata suna da layinsu a rubuce tun farko. Rikicin farko da aka yi a ikilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ga gwauraye ne, Ayyukan Manzanni 6, masu jin Helenanci suka ce ana manta da nasu, manzanni ba su share maganar ba, suka ce jama'a su zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida cike da Ruhu da hikima, cikinsu har da Istifanas da Filibus. Wajen shekara ta 155 wani marubuci Kirista, Yustin Shahidi, ya rubuta yadda Kiristocin Roma suke sujada ranar Lahadi, ya ce masu hali da suka yi niyya kowa yana ba da abinda ya ga dama, a ajiye wurin shugaba, shi kuma ya kula da marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Wani marubuci Kirista kuma, Tatuliyan, a birnin Kartaj na arewacin Afirka wajen shekara ta 197 ya ce kowa yana kawo ɗan abu sau ɗaya a wata in ya so in kuma yana iyawa, ba a tilasta wa kowa, kuma ba a kashe shi a shagali, ana ciyar da matalauta ne a binne su in sun mutu, a riƙe marayu da tsofaffi. A wajen 251 ikilisiyar Roma tana ɗauke da gwauraye da mabukata sama da 1,500, a lokacin da ake tsananta musu fa. Har sarkin Roma Yuliyan da ya juya wa bangaskiya baya ya yi ƙorafi a 362 cewa Kiristoci suna ciyar da nasu matalautan har da na waɗanda ba Kirista ba. In ka ɗauki kasafin ikilisiyarku ka ga gini da na'urori sun cinye kusan komai, na gwauraye sai abinda ya rage, ya kamata wani ya tashi a taro ya yi magana.

A biya masu hidima da kyau kuma a kan lokaci, 1 Timoti 5:17-18 ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, fasto ko mai bishara da ke tunanin kuɗin makarantar yaransa dare da rana an jefa shi cikin jaraba. Wajen taimakon mabukata kuma a sa mutum biyu ko uku masu riƙe sirri, a cikinsu a sami mace, su ziyarci gida su ga halin da ido, su fi karkata ga abinda zai tsayar da mutum da ƙafarsa, kuɗin magani, kuɗin makaranta, ɗan jari ko koyon sana'a, kuma sunan wanda aka taimaka ya tsaya a littafinsu, a rahoton jama'a adadi kawai za a faɗa.

In kuma kana karanta wannan kana cewa ni ba ni da ko kwabo, ɗan'uwa ba a cire ka ba. Tabita ta Yafa da allura ta yi hidimarta, ranar da ta mutu gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka musu. 1 Bitrus 4:10 ta ce kowa ya yi wa ɗan'uwansa hidima da baiwar da ya samu. Ka ware awa biyu a mako kamar yadda ake ware kuɗi, ka sa musu rana, ka koya wa yaran da ke fama da karatu, ka gyara abinda ya lalace a majami'a in sana'arka ce, ka zauna da mara lafiya don mai jinya ya samu ya huta. Yara ma a koya musu tun suna ƙanana, maimakon a danƙa musu kuɗi a bakin ƙofar coci, in an ba su wani abu nasu a taimake su su ware da hannunsu a gida su kawo.

Wata zai zo da komai zai rikice, ciwo ko rasuwa ko aiki ya tsaya, ka kasa kai abinda ka tsara. Kada ka daina zuwa sujada saboda kunyar kwando, ka zo, ka bayar da ɗan abinda ya samu ko da bai kai ba, in kai ne ke cikin bukata a wannan karon ka buɗe baki ka faɗa wa dattawa, Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 8:14 yalwarku ta yanzu ta biya rashinsu domin wata rana yalwarsu ta biya naku. In abubuwa suka daidaita sai ka koma kan adadinka, kuma ka sa rana ɗaya a kalanda duk shekara, kai da iyalinka, ku buɗe littafin nan ku ga abinda ya shigo da abinda kuka bayar, ku yi addu'a, ku rubuta kason shekara mai zuwa.